A kan maganar ukulelen nan da masassaƙin da aka ci wa mutunci

Wani ɗan'uwanmu daga arewacin Najeriya ya ba wani masassaƙi a Hawai aikin haɗa masa ukulele, wato ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya mai kama da jita. Da aikin ya wuce lokacin da aka yanka, sai ya baza hoton masassaƙin a Facebook ya kira shi ɗan damfara. Abin da aka yi wa masassaƙin nan zalunci ne, kuma duk wanda ya taya yaɗa hotonsa da kalmar "ɗan damfara" yana da kasonsa a cikin alhakin. Na bi maganar tun daga tushe, na karanta saƙonnin da shi mai ƙorafin ya kwaso da hannunsa ya baza mana, wallahi ban ga damfara ba. Mutum na gani wanda ya ba da aikin hannu alhali bai san abin da aikin hannu ke ci ba, da haƙurinsa ya ƙare kuma sai ya tara jama'a a kan dattijon da ke can tsibirin Hawai, wanda ko Hausar da ake zaginsa da ita ba ya ji.

Ku koma ku duba saƙonnin da idon basira. An ce wa mai ƙorafin aikin zai ɗauki wata 12, ya ce ya amince. Ya biya kafin alƙalami. Aka tambaye shi girman da yake so, ya zaɓi matsakaicin da ake kira konsat. A wata na 7, bayan an yanka katako an fara haɗa gangar jiki, sai ya dawo ya ce shi fa yanzu teno yake so, wanda ya fi konsat girma, wai ya ji wani yana kaɗa teno sautin ya shiga ransa. Masassaƙi ya ce to, amma ka sani aiki ya koma farko. Ya ce ba komai. Bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa a zana masa sunansa a wuyan abin da ɓawon katantanwar teku. Aka yi masa. Yau wata 14, shi ne yake ce wa mutum ɓarawo. Ina satar take? Wane ɓarawo ne yake turo maka hoton aikinka duk wata, har da hoton inda ya lalace?

Na ga wasu suna cewa ai daga konsat zuwa teno ɗan ƙarin girma ne kawai. Ɗan ƙari a ido, ƙwarai. Tsawon tsirkiyar konsat daga saman wuya zuwa jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa a kan fuskar abin, wajen inci 15 ne, na teno wajen inci 17. To wannan inci 2 ɗin shi ke canza komai. Akwatin da ake matse gangar jiki a ciki ta ɗauki siffa, daban ne. Wuya daban ne. Inda jaki zai zauna daban ne. Ƙananan ƙarafan nan da ake jerawa a wuya, waɗanda yatsa ke dannawa, ba da ka ake dasa su ba, lissafi ne: ana raba tsawon tsirkiya da 17.817 a sami wurin na farko, a sake raba abin da ya rage a sami na biyu, haka har ƙarshe, ta yadda na 12 zai faɗo daidai tsakiyar tsirkiya. Ka canza tsawo, ka canza wurin kowane ɗaya daga cikinsu. Katakon da aka yanka don konsat ba ya miƙewa ya zama teno don mai shi ya sake ra'ayi. Aikin wata 7 ya tafi a saƙo guda, kuma masassaƙin bai ƙara masa ko dala ɗaya a kan asarar ba. Wannan ma yana cikin saƙonnin, amma ba wanda ya tsaya a kansa.

Abin da nake so ya zauna a kan kowa shi ne wannan: idan ka ba mai aikin hannu aiki, lokacinsa ka saya. Ba kaya ne a kan kanta ba da za a miƙo maka. Ranar da ka biya kafin alƙalami, abin da kake so babu shi a duniya, yana cikin wani guntun itace a jingine a bango. Gurbi ka kama a layi, a gabanka akwai mutane, a bayanka akwai mutane, kuma hannu biyu ne kacal ke yi wa kowa aiki. Shi ke zaɓen itace, shi ke tsagawa, shi ke kankarewa, shi ke manna, shi ke shafa mai, shi ke amsa saƙonku, shi ke kai kaya gidan waya. Idan zazzaɓi ya kwantar da shi mako guda, shago ya tsaya mako guda. Manyan masu wannan sana'a akwai waɗanda ake jira shekaru kafin layi ya zo kan mutum, wasunsu ma sun rufe littafin karɓar aiki gaba ɗaya don kada su ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfinsu. Wanda ya ce maka shekara guda, ya yi maka sauri.

Kuma lokacin ba na hannunsa kaɗai ba ne, har da na itacen. Ɗan'uwan namu koa ya zaɓa, kuma ba kowa ya san abin da hakan ke nufi ba. Koa itace ne dangin su gabaruwa, a tsibiran Hawai kaɗai yake fitowa a daji, da shi mutanen can suke sassaƙa kwale-kwale tun kaka da kakanni. An share dazuzzukansa masu yawa don kiwon shanu, shi ya sa yau yake da tsada, kuma galibin wanda ke shigowa hannun masu sana'a daga itatuwan da suka faɗi ne ko suka mutu a tsaye. Ko an samu, ba a taɓa shi ɗanye. Ƙa'idar da kafintoci ke bi ita ce, katakon da iska za ta busar yana son kamar shekara guda a kan kowane inci na kaurinsa. Bayan an tsaga shi falle-falle kuma sai ya sake zama a shago, inda ake riƙe danshin ɗaki tsakanin kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, har ya daina motsi. Idan aka yi masa gaggawa, abin zai fito kyakkyawa, ka ɗauki hoto ka nuna wa duniya, bayan wata shida fuskar ta tsage. A lokacin wa za a zaga? Shi dai za a sake zagi.

Akwai hoto guda a cikin waɗanda mai ƙorafin ya baza, wai don ya nuna mana "sakaci". Ni kuwa shi ne hoton da ya sa na ji dole in yi magana. Gefen ukulele ne, ɗan siririn falle da bai kai kaurin milimita 2 ba, ya karye daidai ƙugu, inda lanƙwasar ta fi tsanani. A bayansa kana hango bututun ƙarfen da ake zafafawa, da kwanon ruwa, da tsumma. Ga yadda ake yi: a jiƙa fallen, a ɗora shi a kan ƙarfe mai zafi, a riƙa gogawa ana dannawa a hankali da tafin hannu, ruwa na tashi tururi, har itacen ya saki jiki ya bi. Ka matsa da wuri ya karye, ka daɗe ya ƙone. Koa mai zanen igiyar ruwa, irin wanda ɗan'uwanmu ya nace sai shi saboda kyansa, shi ya fi kowanne saurin karyewa, domin jijiyarsa ba miƙaƙƙiya ba ce, hawa take tana sauka. To ya karye. Me masassaƙin ya yi? Yana iya cusa gam a tsagar, ya goge da samfefa, ya shafe da mai, ba wanda zai gane sai bayan shekaru. Bai yi ba. Ya ɗauki hoto ya turo, ya ce zan sake, kuma sai na nemo fallen da launinsa ya dace da ɗan'uwansa. Mutum ya nuna maka amanarsa ƙiri-ƙiri, kai kuma ka ɗauki hoton amanar ka mayar da shi shaidar tuhuma. Haba, jama'a!

Sai fuskar abin, wadda ita ce ke ba da sauti. A masana'anta inji ne ke rage kowace fuska zuwa kauri ɗaya, ko itacen mai tauri ne ko mai laushi. Mai aikin hannu ba ya haka. Zai kankare kaɗan, ya riƙe fallen da yatsa biyu kusa da kunne, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ɗan lanƙwasa shi ya ji yadda yake turjewa, ya sake kankarewa. Haka zai yi da ƙananan sandunan da ake mannawa ta ciki don su tallafi fuskar: su yi kauri sauti ya shaƙe, su yi siriri tsirkiya ta ja fuskar ta kumbura. Gidan Kamaka da ke Honolulu, wanda Samuel Kamaka ya kafa a 1916 kuma har yau yana hannun zuriyarsa, tun a 1955 ya fara ɗaukar kurame aiki, aka kuma tarar suna gane kaurin da ya dace ta hanyar jin rawar katakon a yatsunsu idan sun ƙwanƙwasa. Irin sanin da ake biya ke nan. Yana cikin yatsa, shekaru ne suka zuba shi, kuma ba ya aiki idan ana tsaye a kansa ana ƙirga kwanaki.

Ko man ƙyallin da ake shafawa a ƙarshe yana da nasa jiran. Shafi ne bisa shafi, kowanne sai ya bushe, sannan a rataye abin makonni ya yi tauri kafin a goge shi ya yi sheƙi. A nan ne aikin ɗan'uwanmu yake yanzu, a rataye, an gama komai sai jiran mai ya kama. Wato saura ƙiris ya karɓi kayansa ya zaɓi ya tona wa mutum asiri a kan laifin da bai yi ba.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini: ai mun saba da irinsu, haka telolinmu ke yi, a karɓi ɗinkin sallah a ce gobe, gobe, har a sauko daga idi. Wannan kwatancin bai hau ba. Telan da muke kuka da shi, wanda ya karɓi ɗinki 100 ne alhali ya san 40 zai iya, ya kashe waya, ya aiko yaro ya ce maigida ya fita. Ciwon da ya bar mana gaskiya ne, amma ba hujja ba ce ta auka wa duk wanda ya ce mana "jira". Wannan mutumin ya faɗi lokaci tun farko, ya faɗi dalilin ƙari, bai taɓa ɓuya ba. Idan ba za mu iya bambance mai cika alkawari da mai saɓawa ba, to mu ne muke koya wa masu sana'a cewa gaskiya ba ta da riba.

Wasu kuma suka ce da kuɗin nan ai sai ya sayi guda 50 na kanti. Gaskiya ne, ya saya. Masana'antun ƙasar Sin suna fitar da ukulele da ba ya kai dala 50, da yawansu katakon da aka manna falle-falle ne, kuma babu laifi a cikinsu, yaro zai koya da shi, babba ma zai ji daɗinsa. Ba wanda ya hana. Amma ba wanda ya tilasta wa ɗan'uwanmu ya tsallake kanti ya tafi neman mutum guda a ƙarshen duniya. Shi ya so abin da aka yi dominsa, wuya daidai tafin hannunsa, tsirkiya a tsayin da yatsunsa ke so, itacen da ya zaɓa da idonsa. Ba za ka so abin da ba a yi wa kowa ba, sannan ka so shi da saurin abin da aka yi wa kowa. Ɗaya za ka ɗauka.

Masu cewa abin wasan yara ne kuwa, wai me zai ci shekara a ɗan wannan abu, su ne suka fi ba ni haushi. Ƙanƙantarsa ce ma ta sa ya fi wuya, domin kuskuren da jita za ta haɗiye, shi ba zai haɗiye ba. Kuma tun asalinsa aikin gwanayen kafintoci ne. A watan Agusta na 1879 jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke 'yan ci-rani daga tsibirin Madera na ƙasar Fotugal a Honolulu, an kawo su aikin gonakin rake. A cikinsu akwai masu aikin katako uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo. Da suka gama wa'adin gona suka buɗe shaguna, suka ɗauki ƙananan kayan kiɗan garinsu suka sake musu fasali da itacen koa, abin da ya fito shi ne ukulele. Sarki Kalakaua ya rungume shi ya shigar da shi fada. A 1915, a babban baje kolin da aka yi a San Faransisko, Amurkawa suka gan shi suka haukace a kansa, daga nan masana'antu suka shigo suka cika kasuwa da masu araha. Wato na kantin ne ya zo daga baya. Wanda dattijon nan yake yi a shagonsa, shi kaɗai da zarto da ƙarfe mai zafi, shi ne hanyar farko.

Waɗanda suka juya maganar zuwa halascin kiɗa, ko suka ce me ya sa bai ba marayu kuɗin ba, ku yi haƙuri, ba ita ke gabanmu ba. Ko me mutum ya saya, bai halasta a kira mai gaskiya ɓarawo ba.

Akwai wani abu ma a saƙonnin da ya taɓa zuciyata. Tun a makon farko masassaƙin ya tambaye shi, ina za a zauna da abin? Da ya ji arewacin Najeriya, sai ya je ya bincika yanayinmu, ya dawo ya ce masa ya ga akwai watannin da iskarku ke bushewa ƙwarai, don haka zai haɗa shi a ɗaki mai ƙarancin danshi, kuma lallai a riƙa ajiye shi a cikin akwatinsa da ɗan soso mai laima. Duk wanda ya yi hunturu a Kano ko Katsina ya san me ake nufi: lokacin da leɓe ke tsagewa, ƙofar katako ta saki, danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20. Katako mai kaurin milimita 2 da aka haɗa a tsibiri mai laima, ka kawo shi cikin wannan iska ba shiri, sai ya tsage. Wane kanti ne zai tambaye ka garinku kafin ya sayar maka? Mutumin da bai taɓa taka Afirka ba ya zauna yana tunanin hunturunmu saboda kada kayanka ya lalace, sakayyarsa ke nan.

Ɗan'uwa, da kai nake yanzu, kuma ba da ƙiyayya ba. Na san kuɗin ba kaɗan ba ne, na san yadda canjin dala ke ƙona aljihu, na san zuciya ba ta son jira. Amma wannan mutumin ba shi da sashen talla, ba shi da lauya, ba shi da komai sai sunansa. Da sunan nan yake ciyar da gidansa. Duk wanda zai ba shi aiki gobe sai ya fara neman sunansa a intanet, kuma abin da zai tarar shi ne hotonsa da kalmar da ka liƙa masa. Ka sauke rubutun. Ka rubuta wani a daidai wurin da ka rubuta na farko, ka ce ka yi gaggawa, ka nemi afuwarsa da harshen da yake ji. Ku ma da kuka yaɗa ba tare da kun karanta ba, kun san abin da addini ya ce a kan bincike kafin ɗaukar labari, ba sai na tuna muku ba. Ku goge, ku gyara. Lokacinsa aka saya, ya bayar, har da ƙari.

Wani ya ma yi dariyar cewa wai har da takardun itace masassaƙin yake cewa zai haɗo, wai wata dabarar jan lokaci ce. Ba dabara ba ce, taka-tsantsan ne saboda doka. Akwai yarjejeniyar duniya da ake kira CITES mai sa ido a kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa. A farkon 2017 ta sa dangin itacen nan mai ja da ake yin allon wuyan jita da shi a cikin jerinta, masu kayan kiɗa suka sha wahalar takardu har zuwa ƙarshen 2019 da aka sassauta wa kayan da aka riga aka haɗa. Shi ya sa mai sana'ar da ya san abin da yake yi ba ya tura kaya ƙetare sai ya rubuta sunan kowane itacen da ke jiki, don kada kwastan su riƙe.

Kuma wannan magana ta itace ai ta shafe mu fiye da yadda muke zato. A wannan shekarar ta 2017 ɗin aka sa madobiya a cikin jerin, madobiyarmu ta dajin nan, wadda 'yan katako ke kira koso. Duk wanda ya bi hanyoyin Taraba a waɗancan shekarun ya ga tireloli shaƙe da gungumenta suna gangarawa Legas, daga can a loda a jirgi zuwa Sin a yi kujerun alfarma. Sai da abin ya kai a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya gaba ɗaya. Madaci ma, wanda 'yan'uwansa na kurmi ake yin jita da ukulele da su, ya shiga jerin a taron da aka yi a Fanama a 2022. A can Hawai mutum yana lallaɓa falle guda na itacen da ya faɗi da kansa, yana baƙin ciki don ya karye. Mu nan an kwashe mana daji guda a gungume, a farashin da bai taka kara ya karya ba, Fulani sun rasa ganyen da suke sara wa shanu da rani, ƙauyuka sun rasa inuwa. Wa ya ba da izinin saran, kuma nawa aka dasa a madadinsu? Wannan ne ya kamata a ce mun cika Facebook da hotunan masu hannu a ciki.